Ciwon cikin da muka ɗauka gado ne

Ni tela ne, shagona yana nan cikin garin Maraɗi, ba nisa da babbar kasuwa. Amma a ƙauye aka haife ni, cikin ƙasar Madarunfa, inda in damina ta kankama gulbi ke raba mu da hanyar mota. Gidanmu babban gida ne: mahaifinmu, matansa biyu, da mu yara birjik. Rijiya ɗaya muke sha da sauran gari. Randa ɗaya ce a tsakar gida da moɗa ɗaya, kowa ya zo ya tsoma ya kafa kai. Tuwo a akushi ɗaya muke ci, a kwano ɗaya muke wanke hannu, na ƙarshe ya wanke a ruwan da ya riga ya yi kauri. Jariri in ya fara cin abinci, uwa ko kaka ce ke taunawa ta sa masa a baki. Masai babu, bayan gari ake zuwa. Ba don in raina gidanmu nake faɗin wannan ba, haka kowane gida yake a lokacin, kuma da ƙauna aka rene mu.

Tun da na yi wayo na san mahaifina da ciwon ciki. Aljihunsa ba ya rabuwa da guntun jar kanwa. In abin ya motsa a gona sai ya ajiye hauya, ya dafe ƙahon zuciyarsa, ya jefa kanwa a baki, ya jira gyatsa. Cikin dare nakan ji shi yana ta da Inna ta dama masa fura. Shekara da shekaru haka, har ya zama ba ma ganin abin a matsayin ciwo. Daga baya sai salon ya canza. Ya ci loma biyu ya ce ya ƙoshi. Abin da ya ci ya dawo. Mutumin da ke ɗaukar damin hatsi shi kaɗai ya koma sai an riƙe shi ya tashi zaune. Ya rasu a ƙarshen shekarun 1990, ina ɗan saurayi.

Tun kafin a yi sadakar bakwai magana ta fara yawo cewa ba shi aka yi a abinci. Wa ke da girki ranar da ya fara amai? Goggo, abokiyar zaman Inna. Babu wanda ya tsaya gabanta ya faɗa, amma aka daina cin abin hannunta, aka hana mu shiga ɗakinta. Tana gama takaba ta kwashe 'ya'yanta ta koma wajen danginta, can wajen Gidan Rumji. Na tuna tana fita ta tsaya a bakin zaure ta kira ni, ta ce, "Ɗana, zo ka riƙa mini wannan ƙullin." Na dubi Inna, ban motsa ba. Daga ranar zumunci ya yanke tsakaninmu da ƙannena na ɗakinta.

Aka kawo ni birni koyon ɗinki. A nan, ina cikin samartaka, nawa ya fara. Wani raɗaɗi ne a saman ciki, daidai inda haƙarƙari suka rabu, yana zuwa in ciki ya zama wayam, musamman kafin azahar da kuma tsakar dare. In na ci wani abu sai ya lafa, bayan awa biyu ko uku ya dawo. Ga ƙwannafi, ga kumburi, ga gyatsa mai tsami. Kowa na gaya wa sai ya ce, "Ai olsa ce," da irin muryar da ake cewa ai mura ce. Kowa kuma da shawararsa: bar yaji, bar tsami, bar goro, sha madara, kada ka zauna da yunwa, rage tunani. Inna ta ce, "Ciwon ubanka ne ka gado, sai haƙuri," ta aiko mini da kanwa da saiwoyi a ƙullin leda. Wani lokacin kuma ta ce in kula da abin da nake ci a hannun mutane.

Duk na bi. Na yi aure, na buɗe shagon kaina, ciwon yana nan. Mai ɗakina ta koma girka tukunya biyu, tasu da barkono, tawa lami. Madara takan kwantar da shi na ɗan lokaci, sai ya taso fiye da da. Kanwa ma haka. Da omefirazol ya yawaita a hannun masu tallar magani, sai na ga kamar na samu mafita. In na sha na mako guda sai in manta ina da ciki, in na bari wata bai cika ba ya dawo. Na yarda cewa haka Allah ya halicce ni, kuma haka zan tafi.

Abin da ba a cika faɗa ba game da irin wannan ciwo shi ne yadda yake canza halin mutum. Ni ba mafaɗaci ba ne, amma na zama. Yaron shago ya karkata aljihu kaɗan, in yi masa tsawa har maƙwabta su leƙo. In na shigo gida yara su yi tsit, su karanta fuskata kafin su gaishe ni. Wanda bai yi barci ba saboda zafin ciki, gari ya waye masa da allura da zare a hannu, ba shi da sauran haƙurin da zai raba wa kowa. Mai ɗakina ta sha da yawa a shekarun nan, ba ta taɓa kai ƙarata ba.

A daminar 2018 kwalara ta ɓarke a ƙasarmu ta Madarunfa. Cikin watan Yuli ta fara, kafin ta lafa ta kama fiye da mutum 3,000 a faɗin Nijar. Wani ɗan ƙanen Inna, ƙato mai ƙarfi, ya fara zawo da asuba, fari tsululu ba tsayawa, kafin la'asar idanunsa sun faɗa, muryarsa ta dushe, fatar hannunsa in an ja ba ta komawa. Allah ya sa aka kai shi inda ake ƙarin ruwa, ya tashi. Wasu ba su kai ba. A lokacin ne na koyi haɗa ruwan gishiri da sukari in babu na fakiti: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A lokacin kowa ya yarda cewa ƙwayar cuta ce, daga ruwa da kashi take. Aka sa buta da sabulu a ƙofar masallatai, aka daina musabaha a wasu wurare. Cutar da ke kayar da mutum a yini guda ba ta sha wahalar samun masu gaskata ta. Ni kuwa ina wanke hannu don tsoron kwalara, ko a mafarki ban kawo cewa abin da ke cin cikina shi ma ƙwayar cuta ba ne.

Azumin 2019 ya faɗo cikin watan Mayu, tsakiyar zafin Maraɗi. Wanda bai yi ɗinki ba ba zai san abin da goman ƙarshe ke nufi ga tela ba. Shekarar tela a nan take. Yadudduka sun cika shago har rufi, shadda da atamfa da leshi, kowane da takardar awo a maƙale. Wuta ba ta tsayawa, in ta zo cikin dare ba mai kwanciya. Daga shan ruwa har sahur muna kan keke, shayi mai kauri yana zagayawa. Bayana ya riƙe, wuyana ya sandare. Mai tallar magani da ke bi ta layinmu kowane dare ya ce akwai na ciwon jiki mai ƙarfi, dikulofenak, ja-ja. Duk layin teloli shi ake sha. Ina sha da shan ruwa, in ƙara da sahur, in wuni ciki ba komai. Bayan ya saki, aikin ya tafi.

Sai bayan gidana ya canza. Baƙi ƙirin, mai danƙo, da wani wari da ban taɓa ji ba. Na ce ko zoɓon shan ruwa ne. Ciwon cikin ma sai ya ɗan ragu, har na ji daɗi. Amma in na miƙe daga keke sai duhu ya rufe idona, zuciyata ta riƙa dukan uku-uku, in ji gumi mai sanyi. Babban yarona ya ce, "Maigida, leɓenka ya yi fari." Na ce masa azumi ne, ya mai da hankali kan wuyan rigar da ke gabansa. Wata safiya, ina yanka wata farar shadda a kan tebur, na ji amai ya taso. Kafin in juya ya zubo a kan shaddar, baƙi-baƙi da gudan jini. Abin da na fara tunani shi ne kuɗin shaddar nan da mai ita. Daga nan ban sake sanin inda nake ba sai a gadon asibiti, da allurar ƙarin ruwa a hannu biyu.

Jinina ya yi ƙasa ƙwarai, aka ce sai an ƙara. Yaran shagona da teloli maƙwabta suka yi layi, da azumi a bakinsu wasu suka jira har aka sha ruwa suka bayar. Likitan da ya duba ni ya tambayi mai ɗakina irin magungunan da nake sha, ta zazzage ledar a gabansa. Ya ɗaga fakitin ja-jan nan ya ce, "Malam, wannan da ibufurofen da asfirin, ga mai gyambon ciki wuƙa ne. Suna rage kariyar da bangon ciki ke yi wa kansa." Ya ce baƙin bayan gida da na gani jini ne da ya narke a hanya, kuma ranar farko da na gan shi ranar zuwa asibiti ce. Sannan ya ce in ajiye azumi.

Wannan ya fi allurar zafi. Ina kwance ina jin kiran sallar magariba, ana miƙo mini koko tun da rana. Liman na unguwarmu ya zo dubiya, na gaya masa damuwata. Ya ce, "Wanda ya wajabta shi ne ya yi rangwame ga marar lafiya. Ka rama in ka warke." Hankalina ya kwanta ta wannan gefen, amma ta gefen shago bai kwanta ba. Sallah ta zo ina gado. Yara sun yi iya ƙoƙarinsu, amma yankan manyan riguna ni ke yi. Mutane suka zo suka kwashe yadinsu, wasu da addu'a, wasu da baƙar magana. Akwai wanda ya yi shekaru yana ɗinki a wurina, bai sake tako shagon ba. Ban ga laifinsa ba, 'ya'yansa sun yi sallah da tsofaffin kaya. Na biya shaddar da na ɓata.

Da na ɗan farfaɗo likita ya ce yana son a leƙa cikin da kyamara, ya rubuta mini takarda zuwa Yamai. Kuɗi babu, ribar shekara ta tafi. Na sayar da keken surfani na, wanda na fi ji da shi a duk shagon. Na hau mota, fiye da kilomita 600, ta Madawa da Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, ina tunanin mahaifina tun daga tasha har muka isa. A raina na riga na gama cewa abin da ya ɗauke shi ne ya zo kaina.

Awon ba daɗi amma ba ya daɗewa. Ba ka ci komai ba tun dare, a fesa maka wani abu a maƙogwaro, a sa maka roba tsakanin haƙora, a zura tiyo mai fitila. Hawaye na zuba, ina kakari, ma'aikaciyar tana cewa, "Baba, ja numfashi ta hanci, an kusa." Bayan an gama likitan ya nuna mini hoton. Gyambon yana nan a farkon ƙaramin hanji, daidai mafitar tumbi, fari a tsakiya, gefensa ja. Ya tsinko ɗan nama kaɗan don awo. Da sakamako ya fito ya zaunar da ni ya ce ba daji ba ne. Sannan ya rubuta wani suna a takarda ya turo mini: Helicobacter pylori.

Ya ce ƙwayar cuta ce, bakteriya, mai siffar murɗe. Tumbi yana da ruwan tsami mai ƙarfin da ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta, amma ita wannan takan kutsa ƙarƙashin yauƙin da ke lulluɓe bangon ciki ta ɓuya, tana fitar da wani sinadari da ke kashe kaifin tsamin a kewayenta. A haka take zama shekara da shekaru, bangon yana kumbura yana rauni, har tsamin ya samu inda zai ci. Ya ce kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita, a Afirka ma abin ya fi haka. Yawanci tun ana yara ake ɗauka, a cikin gida, ta yawu da amai da hannun da bai wanku ba da ruwan da kashi ya taɓa. Mafi yawan masu ita ba sa jin komai har su mutu. Wasu, kamar ɗaya cikin goma ko fiye kaɗan, su ke samun gyambo. Kaɗan daga ciki kuma takan kai su ga dajin tumbi. Yaji da yunwa da tunani suna iya tsokano zafin, amma ba su suka haƙa ramin ba.

Na ce, "Likita, to omefirazol ɗin da nake sha fa?" Ya ce yana rage tsami, gyambon ya rufe, amma ƙwayar tana nan. A sana'ata na fahimci maganar: kamar ka yi ta ɗinke riga ne kana mayar da ita cikin adakar da ɓeran yake. Ya ce maganin da ke kashe ta na kwana 14 ne.

Na yi shiru. Kwana 14. Na ce ya sake faɗa. Ya ga yadda na yi, sai ya ba ni labarin cewa likitocin duniya ma sun daɗe ba su yarda ba. Wasu likitoci biyu ne a Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka gano ta a 1982. Da aka ƙi gaskata su, Marshall ya sha ruwan da ke cike da ƙwayar a 1984, cikinsa ya kumbura, ya nuna wa duniya. A 1994 hukumar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke haddasa daji, a 2005 kuma aka ba mutanen biyu lambar Nobel. Ni ba lambar ce ta tsaya mini ba, shekarun ne. Ashe lokacin da mahaifina ke jefa kanwa a baki a bakin gona, an riga an san sunan abin, an san maganinsa, labarin ne bai iso ƙauyenmu ba.

Na kwatanta masa yadda mahaifina ya ƙare. Ya saurara har na gama. Ya ce mutumin da ya daɗe da ciwon ciki, sannan ya fara rama, yana ƙoshi da loma kaɗan, yana amai, irin alamun da ke sa su tsoron dajin tumbi ke nan, kuma 'ya'yan irin wannan mutum su ne suka fi cancanta a auna su, ko da ba sa jin komai. Na fito na zauna a kan wani benci a harabar asibitin. Goggo ce ta faɗo mini, tsaye a bakin zaure da ƙullinta. Ta riga ta rasu a lokacin, da wannan zargi a kanta. Ina babba, da 'ya'ya, na rufe fuska da hula na yi kuka a cikin mutane.

Maganin ba wasa ba ne. Omefirazol safe da yamma kafin abinci, da amoksisilin, da kilaritoromisin. Bakina ya koma ɗaci, ruwa ma ɗanɗanon ƙarfe yake yi, cikina yana juyawa. Mai ɗakina ce ta riƙe ledar, ita ke miƙo mini a kan lokaci tana tsaye har in haɗiye. Na gama, na ji sauƙi sosai. Amma likita ya riga ya ja kunnena cewa jin sauƙi ba shaida ba ne. Sai an jira aƙalla mako huɗu bayan gama maganin, a daina omefirazol mako biyu kafin awo, sannan a auna bayan gida. Ya ce awon jini ba ya amfani a nan, don yakan ci gaba da nuna alama ko ƙwayar ta mutu. Aka auna, tana nan.

Gwiwata ta yi sanyi. Inna ta ce, "Ba na gaya maka ba? Wannan ba na asibiti ba ne." Likita ya ce hakan na faruwa, kuma dalilin a fili yake. A ƙasashenmu ana shan maganin kashe ƙwayoyin cuta kamar gyaɗa. Zawo kaɗan a sayi Flagyl guda huɗu, mura a sayi kafso biyu, a sha a bari. Ƙwayoyin da suka tsira su ke hayayyafa, sai magani ya daina cin su. Ya canza mini zuwa wani haɗin mai bismut da tetirasikilin da metronidazol, ƙwaya uku sau huɗu a rana har kwana 10, tare da omefirazol. Ya ce bismut zai mai da bayan gida da harshe baƙi, kada in tsorata. Duk da ya faɗa, ranar da na gani sai da ƙafafuna suka yi rawa a masai, na fito na sa mai ɗakina ta duba cikin idona ko ya yi fari. Awon da ya biyo baya ya nuna babu ita.

Daren farko da na farka na ga gari ya waye, ban tashi neman abin sa wa ciki ba, na daɗe a zaune a bakin gado. Aka koma tukunya ɗaya a gidana. Ƙaramar 'yata ta fara hawa bayana ina cin abinci, abin da yayyenta ba su taɓa yi ba. Na rama azumina cikin sanyin hunturu.

Da ƙarfina ya dawo na nemi ƙannena na ɗakin Goggo. Ban san da bakin da zan fara ba. Babbansu ya karɓe ni a zaure, ya kawo ruwa, muka gaisa kamar baƙi. Na gaya masa duk abin da likita ya ce, na ce ina neman gafara a madadin gidanmu bisa abin da aka ɗora wa mahaifiyarsu. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce, "Yaya, har ta rasu ba ta daina cewa ita ba ta yi ba." Bai ce ya yafe ba a ranar, ni ma ban matsa ba. Da zan tafi ya rako ni bakin hanya, a nan ya ce shi ma ciwon yana damunsa tun yana yaro. Ya zo Maraɗi aka auna shi, yana da ita, ya sha magani. Yanzu muna zuwa wa juna suna da biki. Inna kuwa har yau tana kan bakanta, na daina jayayya da ita, tsohuwa ce, kuma abin da ta riƙe shekara da shekaru ba zai saku da maganata ba.

A daminar 2021, shekarar da kwalara ta sake dawowa yankinmu, 'yata ta tsakiya ta kwanta da zazzaɓi. Aka yi awon cizon sauro ba a samu ba. Zafin kullum ƙaruwa yake, ga ciwon kai, ga ciwon ciki, ba ta cin komai, ta yi laushi. Maƙwabciya ta kawo kafso ta ce a ba ta, na ce a'a, na mayar da ita asibiti. Likita ta ce taifot take zargi, ƙwayar da ake kira Salmonella Typhi, wadda mutum kaɗai ke ɗauke da ita, daga kashin wani ta shiga ruwa ko abincin wani. Ta ce awon Widal da kowa ke dogara da shi tsohon awo ne tun 1896, yakan nuna akwai alhali babu, shi ya sa rabin gari ke cewa suna da taifot kowane wata. Ta haɗa da alamun da ta gani ta sa mata allurai. A ɗakin da aka kwantar da ita akwai wani yaro daga ƙauye da aka yi wa aiki a ciki. Ya kai mako na uku da zazzaɓi ana ba shi jiƙo da ƙwayoyin talla, har hanjinsa ya huje. Uwarsa tana zaune a ƙasa tana kore masa ƙuda da gefen zanenta, dare da rana. Mu aka sallame mu, muka bar su a can.

Tun daga nan ruwan shanmu, ko na famfo ne ko na 'yan ga-ruwa, sai an sa masa Aquatabs, ƙwayar tsabtace ruwa, ko an tafasa. Randa ta samu murfi da moɗa mai dogon hannu, mai sha ya zuba a kofinsa. Akwai sabulu a bakin masai, kuma wanke hannu kafin ci a zuba ake yi da buta, ba a tsoma a kwano ɗaya ba. Na roƙi mai ɗakina kada a tauna wa jariri abinci. Salati da tumatir na lambun gulbi muna ci, amma sai an wanke da ruwan da aka sa wa magani. Abin da ya fi ƙarfina shi ne unguwa. In aka yi ruwan sama mai yawa, kwata da masai da hanya duk ɗaya suke zama, yara kuma a ciki suke wasa.

A shago na rage karɓar ɗinkin sallah, in azumi ya raba na rufe littafi, ko wa ya zo. Ciwon baya in ya matsa farasitamol nake sha, in tashi in miƙe. Na hana mai tallar magani tsayawa a ƙofata, mun ɗan yi cacar baki, shi ma abincinsa yake nema. Keken surfani na sake sayen wani, na hannu.

Masu kawo ɗinki da yawa, ina auna su sai in ga sun dafe ƙahon zuciya sun ce olsa ce. Nakan yago takarda daga littafin awo in rubuta musu sunan ƙwayar, in ce su kai wa likita su nemi awon bayan gida, kuma in sun ga baƙin kashi ko amai da jini, ko suna rama ba dalili, kada su kwana a gida. Wasu su sa a aljihu su manta. Wasu su ce kuɗin awo da na magani ya fi ƙarfinsu, kuma gaskiya suka faɗa, ni ma sai da na sayar da keke. Wani direba mai zuwa Jibiya ya dawo mini kwanakin baya ya ce an samu, yana kan magani, amma ɗacin baki ya ishe shi zai bari. Na karɓi lambarsa, ina kiransa safe da yamma har ya cika kwanakin. Awon tabbatarwa yake jira yanzu, wata mai zuwa.